Admiral Fisher: da me ya kai sahun Nelson alhali bai taɓa jagorantar yaƙin teku ba?

Malam, ka ce ka sha cin karo da maganar cewa bayan Nelson, shahararren kwamandan rundunar tekunta na da, Birtaniya ba ta sake yin sojan ruwa kamar Admiral John Fisher ba, amma da ka bibiyi tarihinsa ba ka ga gwabzawa ko guda da ya jagoranci runduna a teku ya ci ba. Kana son sanin da me ya kai wannan matsayi.

Abin da ka lura da shi haka yake. Fisher ya yi fiye da shekara 55 cikin kaki, bai taɓa tsayawa a kan jirgi yana ba runduna umarni ranar karo da rundunar abokan gaba ba. Fagen famansa ofis ne, da wurin ƙera jiragen ruwa, da makarantar horar da yara. Sai dai rundunar da Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita a 1914, tun daga irin jiragenta, da inda aka jibge su, har zuwa mutumin da aka ɗora a kanta, wato John Jellicoe, babu inda ba za ka ga hannun Fisher ba. Ni dai na daɗe da gamsuwa cewa halinsa na gaggawa da ƙin jiran shawarar kowa shi ya ba shi ikon yin wannan aiki, kuma halin nan ne ya kayar da shi har sau biyu.

An haife shi ranar 25 ga Janairu 1841 a tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. Mahaifinsa tsohon soja ne da ya koma noman kofi, noman bai karɓe shi ba. Yana da shekara shida aka tura shi Ingila wajen kakansa, ya tashi nesa da iyayensa, ba gata, ba dukiya. A 1854, yana ɗan shekara 13, ya shiga aikin sojan ruwa, kuma wanda ya sa masa hannu shi ne Admiral William Parker, ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin ɗin da suka yi aiki a ƙarƙashin Nelson. Shi da kansa ya ba da labarin jarrabawar shiga: an sa shi ya rubuta wata addu'ar Kiristoci, sannan ya tsallake kujera. Ya ce a jirginsa na farko, Calcutta, ya ga an yi wa mutum takwas bulala har sai da ya suma. Wannan jirgi na katako ne, iska ke tura shi, igwoginsa ta baki ake ɗura su, kusan duk yadda Nelson ya bar abin. Ka riƙe wannan a zuciyarka, domin mutumin da ya fara a irin wannan jirgi shi ne zai ƙare yana rigima a kan jiragen ƙarƙashin ruwa da injinan mai.

Ya ɗanɗana wuta yana ƙarami. Yana cikin waɗanda suka kai hari kan ganuwoyin Taku a ƙasar Sin a 1859, harin da Birtaniya ta kwashi kashinta a hannu, sojojinta suka maƙale cikin taɓo ana harbinsu. Bayan nan sai ya karkata ga fannin da abokan aikinsa da yawa suke raina wa, wato ilimin makamai. A 1863 shi ne laftanar mai kula da igwogi a Warrior, babban jirgin yaƙi na farko mai jikin ƙarfe da sulke da Birtaniya ta mallaka. Daga baya ya shugabanci koyar da aiki da nakiyar ruwa da tofido, makamin nan da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya huda cikin jirgi. Yana da shekara 33 ya zama kyaftin.

Sunansa ya fito a Masar. Ranar 11 ga Yuli 1882 jiragen Birtaniya suka yi wa birnin Iskandariya ruwan wuta domin murƙushe yunƙurin hafsan sojan Masar Ahmad Urabi, kuma Fisher ne ke riƙe da Inflexible, jirgi mafi ƙarfi a cikinsu, mai igwa huɗu, kowace nauyinta tan 80. Da aka sauka tudu sai ya haɗa wani jirgin ƙasa, ya lulluɓe shi da faifan ƙarfe, ya ɗora masa bindigogi, yana kai samame da shi. Jaridun Landan suka yi ta yayata shi, Sarauniya Victoria ta gayyace shi fada. A nan kuma ya kwaso atini da zazzaɓin cizon sauro da suka kusa kashe shi, suka bar masa fuska rawaya-rawaya, abin da maƙiyansa suka riƙa yi masa gori da shi har tsufansa. Ba na son in wuce wannan waje ban faɗa maka ba: ga Turawa wannan rana ce ta bajinta, ga Misirawa rana ce da aka kashe musu mutane, wani ɓangare na birninsu ya ƙone, aka buɗe ƙofar mamayar da sojojin Birtaniya ba su fice ba sai 1956. Rundunar da muke magana a kai ita ce ƙashin bayan mulkin mallaka. Duk yabon da zan yi wa ƙwarewar Fisher, da sanin wannan nake yi.

Shekaru ashirin da suka biyo baya, hawa ne daga muƙami zuwa muƙami. Ya zama daraktan makaman sojan ruwa a 1886, ya ƙwato wa rundunar ikon kula da igwoginta daga hannun ma'aikatar sojan ƙasa. Daga 1892 zuwa 1897 shi ke kula da ƙera jirage, a zamaninsa aka fito da ƙananan jirage masu gudu da aka yi don farautar kwale-kwalen tofido. A 1899 aka ba shi rundunar Bahar Rum mai mazauni a Malta, wadda a lokacin ita ce mafi daraja.

Sai ka san irin rundunar da ya tarar kafin ka gane abin da ya yi. Tun yaƙin Trafalgar da Nelson ya ci a 1805 ba wanda ya sake ja da Birtaniya a teku da gaske, zaman lafiyar nan kuwa ya sa aiki ya koma ado. Kyaftin yana samun yabo ne idan fentin jirginsa na ƙyalli, tagullarsa na walƙiya. Akwai waɗanda suke ƙin atisayen harbi don kada hayaƙin albarushi ya ɓata fenti. A Malta Fisher ya sa aka koma harbi daga nesa, ya sa jirage su riƙa doguwar tafiya da gudu, ya riƙa tara ƙananan hafsoshi yana tambayarsu ra'ayinsu a kan dabarun yaƙi, abin da manya suka ɗauka zubar da girma ne. Matasa suka so shi ƙwarai. Mataimakinsa kuwa, Lord Charles Beresford, wanda shi ma ya yi suna a Iskandariya, Fisher ya taɓa kunyata shi a gaban dukan runduna saboda jirginsa bai tsaya daidai ba a tashar Malta. Beresford ɗan babban gida ne, mai kuɗi, ɗan majalisa, mai farin jini a wajen jama'a, kuma bai manta ba.

A 1902 aka dawo da Fisher Landan ya kula da sha'anin ma'aikata. A da, hafsan da ke ba da umarni a saman jirgi daban yake da injiniyan da ke ƙasa cikin mai da kwal, na saman ɗan gata, na ƙasan ana kallonsa kamar bakanike. Fisher da ministan sojan ruwa na lokacin, Lord Selborne, suka ce duk yaran su shigo ta ƙofa ɗaya, su yi karatu tare, kowa ya san inji. Aka buɗe makarantar Osborne a 1903 saboda haka. Masu jin kansu sun yi ta gunaguni, amma shi ya san jirgin da tururi ke tuƙawa ba ya yiwuwa a hannun wanda ke ƙyamar inji.

A watan Oktoba 1904 ya zama shugaban hafsoshin sojan ruwa, muƙamin da suke kira First Sea Lord. Cikin shekara biyar da 'yan watanni ya yi abin da ya sa kake jin sunansa. Ya tarar da jirage birjik a tashoshin duniya, tsofaffi, suna cin kuɗi da mutane. Ya cire 154 daga cikin jerin jiragen yaƙi, ya ce ba su da ƙarfin yin faɗa, ba su da saurin gudu. Mutanen da ya samu daga nan ya zuba su a jiragen ajiya, kowane jirgi da kashi biyu cikin biyar na ma'aikatansa, waɗanda suka san kan injinsa da igwoginsa, ta yadda in yaƙi ya tashi sai a cika sauran a fita. Sannan ya fara janyo manyan jirage daga nesa zuwa ruwan gida. Dalili a fili yake: Birtaniya ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902, ta sasanta da Faransa a 1904, Jamus kuwa ƙarƙashin Admiral Tirpitz tana gina runduna a tsallaken Tekun Arewa. Duk da wannan aiki, kasafin sojan ruwa ya sauka daga kusan fam miliyan 37 zuwa wajen miliyan 31 cikin shekara uku, shi ya sa 'yan siyasa suka jure halinsa. Amma abin ya zo da tsada. Da girgizar ƙasa ta rushe Kingston a Jamaika a Janairun 1907, babu jirgin Birtaniya a kusa, jiragen Amurka ne suka fara isowa, masu sukarsa suka sami abin faɗa.

Sai sabon jirgin yaƙi Dreadnought. Manyan jiragen yaƙi na lokacin igwa huɗu manya suke ɗauka, masu faɗin baki inci 12, tare da tarkacen matsakaita da ƙanana. Matsalar ita ce idan ana harbi daga nisan kilomita da yawa, da feshin ruwan da harsashi ya tayar ake gane ko an wuce ko ba a kai ba, to idan igwogin ba iri ɗaya ba ne, mai duba ba zai san feshin wace igwa yake gani ba. Dreadnought ya ɗauki manyan igwogi goma iri ɗaya, aka sa masa sabon injin tururi ƙirar Charles Parsons, yana gudun kusan kilomita 39 a awa, ya fi duk takwarorinsa. Tunanin ba na Fisher ba ne shi kaɗai: wani injiniyan Italiya, Vittorio Cuniberti, ya rubuta irin wannan a 1903, Amurka da Japan ma suna kan hanya. Abin da yake nasa shi ne sauri. An aza harsashin ginin jirgin ranar 2 ga Oktoba 1905 a Portsmouth, aka tura shi ruwa ranar 10 ga Fabrairu 1906, a Oktoban wannan shekara ya fita gwaji. An zarge shi da cewa da hannunsa ya mayar da tarin jiragen Birtaniya tsohon yayi, ya ba Jamus damar fara tsere daga layi ɗaya. A nan ina bayansa. Tunda wasu za su gina irin wannan jirgi ko ya so ko bai so ba, gara shi ya riga su, kuma tseren da ya biyo baya Birtaniya ce ta ci shi da tazara.

Jirgin da ya fi so a ransa ma ba Dreadnought ba ne. Wani iri ne mai manyan igwogi da gudu fiye da kima, amma sulkensa siriri, na farkonsu Invincible. Fisher ya yi imani cewa gudu shi ne sulke. Zan dawo kan wannan.

Faɗuwarsa ta farko ta zo ne daga cikin gida. Ya raba hafsoshi gida biyu, 'yan gabansa da yake ɗagawa, da waɗanda ya sa wa ƙahon zuƙa. Yana tsegunta wa 'yan jarida labarai don su matsa wa gwamnati, abin da ya saba yi tun 1884. Har wasiƙun da wani kyaftin, Reginald Bacon, ya riƙa aiko masa daga Bahar Rum a kan abin da manya ke faɗa, ya sa aka buga aka rarraba, da abin ya fallasa aka ce leƙen asiri yake yi a cikin rundunarsa. Beresford, wanda ya zama kwamandan babbar rundunar gida a 1907, ya tsaya ya ja da shi a fili. Da aka sauke Beresford a 1909 sai ya kai ƙara wajen Firayim Minista Asquith, aka kafa kwamitin bincike. Kwamitin bai kama Fisher da babban laifi ba, amma bai wanke shi yadda yake so ba. Kuma akwai wajen da Beresford ya yi gaskiya: Fisher ya ƙi kafa ofishin hafsoshi masu tsara yaƙi, ya ce tsarin yana cikin kansa. Rundunar da ta fi kowace girma a duniya ba ta da inda ake zama a auna dabarunta, sai a 1912 aka kafa. Aka ba shi sarautar Lord, ya ajiye aiki a Janairun 1910.

Ko da ya bar ofis bai yi shiru ba. Winston Churchill ya zama ministan sojan ruwa a 1911, ya mai da shi mashawarcinsa, ya ɗora shi kan hukumar nazarin mai a 1912. Mai ya fi kwal ba da gudu, ba ya bukatar ɗaruruwan mutane masu shebur, ana iya ɗura shi da bututu. Matsalar ita ce Birtaniya tana da kwal a ƙasarta amma ba ta da mai. Haka aka yi a 1914 gwamnati ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin man Anglo-Persian da ke haƙa a Farisa (Iran ta yau), wanda daga baya ya zama BP. Dogon tarihin shisshigin Birtaniya a Iran yana da tushe a wannan shawara. A daidai lokacin kuma Fisher ya rubuta gargaɗin cewa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus za su riƙa nutsar da jiragen 'yan kasuwa ba tare da sanarwa ba, domin ba su da wurin ɗaukar fursunoni. Churchill bai yarda wata ƙasa mai wayewa za ta yi haka ba. A watan Afrilun 1917 kaɗai an nutsar da jirage na fiye da tan 800,000.

A ƙarshen Oktoba 1914, yaƙi na wata na uku, Churchill ya dawo da shi kujerarsa yana da shekara 73. Kwana biyu da zuwansa, rundunar Admiral von Spee ta Jamus ta hallaka jiragen Birtaniya biyu a Coronel, gaɓar Chile, mutum wajen 1,600 suka tafi, babu wanda ya tsira a cikinsu. Nan take Fisher ya cire Invincible da sabon Inflexible (ba na Iskandariya ba) daga rundunar gida ya tura su kudancin Atlantika. Ma'aikatan wurin gyaran jirage na Devonport suka ce gyara ba zai ƙare ba sai 13 ga Nuwamba, aka ce musu ranar 11 jirage za su tashi, in aiki bai ƙare ba masu gyaran su bi su. Sun isa tsibiran Falkland kwana ɗaya kafin von Spee, ranar 8 ga Disamba, tare da sauran jiragen Birtaniya da ke wurin, suka nutsar da huɗu daga cikin jiragen yaƙinsa biyar. Idan kana neman nasarar teku da za a rubuta da sunan Fisher, wannan ce: jiragen da ya ƙirƙiro, a aikin da ya ƙirƙire su dominsa, kuma gaggawarsa ce ta kai su a kan lokaci.

Zamansa da Churchill bai kai wata bakwai ba. Shi asubanci yake yi, Churchill kuwa da dare yake aiki, kowannensu yana ganin shi ne mai gida. Churchill ya nace a ratsa mashigin Dardanel a kai ga Istanbul, Fisher kuma hankalinsa na kan Tekun Arewa da Baltik, yana tsoron a ɓarnatar da jirage. Laifinsa a nan babba ne: bai yarda ba, amma bai tsaya ya ce a'a a inda ya kamata ba. A taron majalisar yaƙi na 28 ga Janairu 1915 ya tashi zai fita, ministan yaƙi Lord Kitchener ya bi shi ya lallashe shi, ya dawo ya zauna ya yi shiru. Ranar 18 ga Maris nakiyoyin Turkawa suka ci manyan jirage uku, biyu na Birtaniya, ɗaya na Faransa. Ranar 15 ga Mayu ya ajiye aiki, ya bar ofis, har sai da Asquith ya aika masa takarda yana umartarsa da sunan Sarki ya koma bakin aikinsa. Ya ƙi. Bayan 'yan kwanaki ya aiko da sharuɗɗa, yana neman a sallami Churchill a ba shi ikon yaƙin teku shi kaɗai. Hafsa ya bar kujerarsa ana tsakiyar yaƙi, wannan ko masoyansa ba su iya kare shi ba. Churchill ya rasa muƙaminsa, Fisher ma ba a sake mai da shi ba.

Ranar 31 ga Mayu 1916 rundunonin Birtaniya da Jamus suka haɗu a Jutland, cikin Tekun Arewa, Fisher yana zaune a Landan ba shi da ta cewa a yaƙin. Uku daga cikin jiragen nan masu gudu da siririn sulke suka fashe: Indefatigable, da Queen Mary, da Invincible kansa, wanda mutum shida kawai suka tsira daga cikin fiye da dubu. Mutum sama da 3,000 a jirage uku. Masana sun nuna cewa yadda ake jibge albarushi a fili don a yi saurin harbi ya taimaka ƙwarai, kuma an sa jiragen a aikin tsayawa gaba da gaba da manyan igwogi. Duk da haka ba na iya cire Fisher daga alhakin, domin shi ya koya wa runduna cewa gudu zai maye gurbin ƙarfe. A ɗaya ɓangaren kuma, manyan jiragen da ya fara ginawa, ƙarƙashin Jellicoe da ya taso a hannunsa, su suka sa rundunar Jamus ta juya ta koma gida, ba a sake yin babban karo da ita ba har ta miƙa wuya a Nuwamban 1918.

Ya rasu ranar 10 ga Yuli 1920 yana da shekara 79. An yi masa jana'izar ƙasa a Westminster Abbey, aka kai tokarsa Kilverstone a Norfolk, aka sa a kabarin matarsa. Dreadnought kuwa, jirgin da ya ba wani zamani sunansa, bai je Jutland ba. Abin da ya nutsar a duk rayuwarsa shi ne jirgin ƙarƙashin ruwa guda na Jamus, U-29, wanda ya bi ta kansa a watan Maris 1915.